Mai Ƙanƙarar Jekadafari

Shekara sha tara ina sayar da ƙanƙara
a Jekadafari, daura da masu faci.
Tun kafin assalatu nake ƙulla ruwa a leda.
Na san sanyi, shi ma ya san ni:
ya side mini zanen yatsu,
har ranar rajista na'ura ta ƙi shaida ni.

Baƙuwar ba ta yi sallama ba.
Ina wanka hannuna ya ci karo da ita,
ƙwaya guda a maman hagu, kamar gurjiya,
ba zafi, ba ƙaiƙayi, ta yi lamo.
Sati uku na haɗiye maganar.
Gidado, autana, shi ya lura
ina tsame hannu tuwo bai yi rabi ba.

Ɗakin hoto da gangan ake barinsa duhu.
Sista Rifkatu ta shafa mini wani mai,
mai yauƙi kamar karkashi,
ta ce, "Kada iska ta shiga tsakani, Goggo Dudu,
iska tana tare sauti."
Na ce, wane sauti? Ban ji ko tari ba.

Ta ce, "Ya fi ƙarfin kunnenmu, irin na jemage ne.
Ni 'yar Kaltungo ce.
Muna yara mukan tsaya gindin dutse
mu ƙwala kira, dutse ya maido mana.
In ya dawo da wuri, kusa yake,
in ya yi nawa, da sauran tafiya.
Abin nan na hannuna kira yake a jikinki,
ya kasa kunne, ya zana abin da ya amsa.
Ruwa ba ya tankawa, sai ya fito baƙi ƙirin.
Ƙashi sarkin baki, fari fat."

Na ce, tawa fa?
Ba ta amsa ba. Ta auna ta tsaye, ta auna ta kwance.
Tawa toka-toka ce, gefenta a yage.

Suka tsakuri tsoka, ba ta fi shinkafa ba.
Takarda ta dawo da sunan nan
da ake faɗa ƙasa-ƙasa: sankara.

Dakta Yila bai yi mini daɗin baki ba.
"Ba kowace ake yi wa haka ba.
Taki ƙarama ce, ba ta yi yaɗo ba.
Za mu daskarar da ita a inda take."
Dariya ta ƙwace mini.
Likita, sana'ar tawa za ka koya mini?

Idona biyu aka yi.
An kashe zafin wurin, ina kallon allo.
Farin layi siriri kamar tsinken tsire
ya ratsa, ya tsaya a cibiyar baƙuwa.
Sai wani baƙin wata ya soma girma,
goshinsa fari, bayansa inuwa,
ya haɗiye ta, ya zarce gefenta kaɗan.
Suka bar shi ya narke.
Suka sake.

Wannan kam ba sai an fassara mini ba.
Tumatir ya daskare, a ɗauke wuta, ya saki,
a maido wuta, ya sake ƙanƙamewa,
je ki taɓa shi da safe:
ya tashi daga tumatir.

Ba ɗinki. Filasta ɗaya,
irin ta wadda wuƙar albasa ta kama.
Kafin la'asar ina tsakar gidana.

Ban ce na sallame ta ba.
Taurin yana nan, yana ja da baya a hankali,
ƙwayar magani kullum bayan kari,
kuma duk sa'ad da kati ya ce
sai in koma ɗakin duhu,
Rifkatu ta yi kira, mu biyu mu kasa kunne.

Jiya wata yarinya ta zo sayen ta ɗari.
Na ɗauko ƙulli, na tsaya ina dubansa
har ya soma ɗiga ta tsakanin yatsuna.
Ta ce, "Goggo, miƙo mana,
zoɓonmu yana can yana yin ɗumi."